Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Tafiyar da Ƙwallo a Cikin Gem?

Assalamu alaikum masu karatu. A wannan fitowar na ware wasiƙu biyar da suka iso gare ni daga Bauchi da Gombe, kuma dukkansu sun haɗu a kan batu guda, wato yadda wasannin kwamfuta da na waya, waɗanda matasanmu ke kira gem, suke kwaikwayon motsin abubuwa na zahiri. Na taƙaita wasu daga cikinsu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Malam, ina da gidan gem kusa da kasuwar Wunti, da PlayStation huɗu da janareta. Kusan kullum sai an yi rigima tsakanin yara, domin wani lokaci ana ganin ƙwallo ta ratsa hannun gola ta shige raga, ko 'yan wasa biyu su sarƙe da juna kamar an ɗaure su. Wanda aka ci sai ya ce na'urata ce ta lalace, ya ƙi biyan kuɗin wasa. Shin laifin na'urar ne?
Daga wani mai gidan gem, Wunti, Bauchi

AMSA: Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, na'urarka lafiyarta ƙalau, kuma ko sabuwa fil ka ciro daga kwali za ka riƙa ganin irin wannan jefi-jefi. Abin da ke tafiyar da ƙwallon wani sashe ne na manhajar wasan wanda masu sana'ar ke kira injin fiziks. Ba inji ba ne na ƙarfe irin janaretanka. Tarin umarnin lissafi ne da ke amsa tambaya guda ɗaya ba hutu: abu yana nan yanzu, da wannan nauyi da wannan gudu, to ina zai kasance nan da ƙiftawar ido?

Dokokin da yake aiki da su tsofaffi ne, domin Isaac Newton, masanin nan na Ingila, ya wallafa su tun a shekarar 1687, kuma duk wanda ya zauna ajin kimiyya a sakandare ya haddace su. Sabon abu shi ne gaggawar da aka ɗora wa lissafin. Wasan ƙwallo a kan PlayStation yana nuna hotuna 60 a cikin sakan ɗaya, saboda haka kowane hoto yana da kashi ɗaya cikin sittin na sakan ne kacal, kuma a cikin wannan ɗan taƙin dole na'urar ta karanta maɓallan da yaro ya danna, ta yanke shawarar inda 'yan wasa 22 za su gudu, ta lissafa motsin ƙwallo, ta fitar da sautin 'yan kallo, sannan ta zana hoton gaba ɗaya. Injin fiziks ɗan rabo kaɗan yake samu daga wannan lokaci.

A kowane taki yakan tara ƙarfin da ke aiki a kan ƙwallon, ya gyara gudunta, ya matsar da ita gaba, sannan ya duba ko ta ci karo da wani abu. Misali, ƙarfin jan ƙasa yana ƙara wa abin da ke faɗowa gudun mita 9.8 a sakan bayan kowane sakan ɗaya, don haka a kowane taki injin yana ƙara kashi ɗaya cikin sittin na wannan adadi, wato kimanin 0.16. Wannan dabarar ta yanka lokaci gunduwa-gunduwa ta samo asali ne daga Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan da ya rayu a ƙarni na 18.

To a nan ne amsar tambayarka take. A fili na gaske ƙwallo tana bin kowane taku na hanyarta, amma a cikin gem tsalle take yi irin na kwaɗo, kuma tsakanin inda ta tashi da inda ta dira babu ita sam. Ka ɗauki shot mai ƙarfi, mai gudun kilomita 108 a awa, wato mita 30 a sakan. Idan ka raba 30 gida 60, za ka ga cewa a kowane taki ƙwallon tana tsallake rabin mita cur. Faɗin ƙwallon kanta kimanin santimita 22 ne, turken raga kuma bisa dokar wasa ba ya wuce santimita 12, balle tafin hannun gola. Saboda haka a taki ɗaya tana iya kasancewa gaban hannun, a taki na gaba tana bayansa, injin kuwa bai taɓa ganin sun haɗu ba. Masu rubuta wasanni sun daɗe da sanin wannan matsalar, kuma maganinta shi ne a sa injin ya share dukan hanyar da ke tsakanin wuraren biyu ya duba ko akwai abin da ya tare ta. Sai dai wannan binciken yana cin lokaci, shi ya sa ake keɓe shi ga abubuwa masu gudu kamar ƙwallo da harsashi, kuma yakan ƙara wuya idan duka biyun suna motsi, kamar hannun golan da ya yi sufa.

Akwai dalili na biyu, wanda a ganina ya fi yawan jawo rigimar da kake fama da ita. Hannun da ido ke gani, mai yatsu da safar hannu, ba shi ne injin ke lissafi da shi ba. A ƙarƙashin zanen an ɓoye wata siffa mai sauƙi, kamar guntun rake mai kumburarren baki, domin ta fi saurin lissafi. Ita kuma sufar da gola ke yi an ɗauko ta ne daga motsin 'yan wasa na gaske, aka adana iri-iri, wasan yana zaɓen wadda ta fi dacewa da yanayin. Idan wadda ya zaɓa ta saɓa da hanyar ƙwallon da ɗan kaɗan, sai ido ya ga yatsu sun taɓa, alhali a wurin injin ba a taɓa ba. Idan kuma ta intanet ake bugawa, jinkirin sadarwa yakan ƙara faɗaɗa wannan giɓi.

Batun sarƙewar 'yan wasa kuwa, ka tuna da mai sayar da lemu a kasuwar Muda Lawal. Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijo yana jera lemu a kan faranti, huɗu a ƙasa, ɗaya a bisa, sannan ya haɗa kashi-kashi har suka zama tudu. Kowane lemo yana danna na ƙasansa, na ƙasan yana tura na gefensa, kuma duk wannan yana daidaita ne a lokaci guda ba tare da wani ya lissafa ba. Kwamfuta ba ta da wannan gata. Sai ta gyara karon farko, gyaran ya ɓata na biyu, ta gyara na biyu, ta dawo kan na farko, ta yi ta zagayawa. Da yake lokaci bai isa ta zagaya har ƙarshe ba, akan ƙayyade mata adadi. A manhajar Unity da ake haɗa wasanni da ita, alal misali, zagaye 6 ne idan mai rubutu bai canja ba. Ɗan kuskuren da ya rage shi ne kake gani idan abubuwa suna rawar ɗari ko ƙafar wani ta nutse cikin ta wani. Lokacin da kamfanin EA ya shigo da sabon tsarin karo tsakanin 'yan wasa a wasan ƙwallonsa na FIFA 12, a shekarar 2011, irin wannan sarƙewar ta yi yawa har ta zama abin magana a duniya, kuma duk da an rage ta ƙwarai ba ta ɓace ba.

Shawarata ita ce ka rubuta doka a bango cewa abin da allo ya ƙirga shi ne hukunci, a kuma karɓi kuɗi kafin a fara. Wanda ya ƙi yarda ka buɗe masa maimaici a hankali, ka nuna masa tsallen ƙwallon daga hoto zuwa hoto, domin gani ya kori ji.

TAMBAYA: Ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare ta 'yan mata. Ɗalibaina sukan tambaye ni ko lanƙwasar da ƙwallo ke yi a bugun tazara cikin gem gaskiya ce ko ƙirƙira. Zan iya amfani da waɗannan wasanni wajen koyarwa?
Daga wata malama, Azare

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan aiki. Lanƙwasar gaskiya ce. Idan ƙwallo tana juyawa a cikin iska, gefen da ke juyawa tare da iskar yana jan ta yana karkatar da ita, ita kuma iskar sai ta ture ƙwallon zuwa kishiyar inda aka karkatar da ita. Heinrich Magnus, masani ɗan Jamus, ya yi bayanin wannan a shekarar 1852, kuma da sunansa ake kiran abin har yau. Shahararren misalinsa shi ne bugun da Roberto Carlos na Brazil ya yi wa Faransa a birnin Lyon ranar 3 ga Yuni, 1997, daga nisan kimanin mita 35, inda ƙwallon ta fita kamar za ta bar fili sannan ta karyo ta shige, gola Fabien Barthez yana tsaye. Injin wasan ba ya lissafa iskar kanta, domin hakan ya fi ƙarfin lokacin da yake da shi. Yana ƙara wani ƙarfi ne a gefen ƙwallon gwargwadon saurin juyawarta da gudunta, tare da wani ƙarfin da ke rage mata gudu a madadin turjiyar iska, kuma sakamakon yana kusa da gaskiya ƙwarai.

Amma ina jan hankalinki a kan abu guda. Mai yin gem daɗin wasa yake nema, kuma duk inda gaskiya ta ci karo da daɗi, daɗin yake ɗauka. Mario, wanda kamfanin Nintendo ya fitar da shahararren wasansa a 1985, yana tsallen da ya ninka tsayinsa sau da yawa, yana canja hanya a tsakiyar iska, kuma saukowarsa ta fi hawansa sauri, duk da gangan aka yi haka domin mai wasa ya ji yana da iko da shi. A wasannin harbi da yawa harsashi ba ya tafiya ma. Da an danna, injin yana ja layi miƙaƙƙe ya duba abin da layin ya fara taɓawa. Wasu kuma, irin su PUBG, suna barin harsashin ya yi tafiya ya kuma sunkuya ƙasa idan nisa ya yi yawa.

A wurina wannan bambancin shi ne babban darasin da za ki samu. Ki kawo Angry Birds, wanda kamfanin Rovio na ƙasar Finland ya fitar a watan Disamba na 2009, wanda kuma ba komai ba ne illa harbi da danƙo irin wanda yaranmu ke farautar tsuntsu da shi. Ki sa ɗalibai su harba a kusurwoyi daban-daban su auna inda ya fi nisa, su gwada da abin da littafi ya ce, cewa digiri 45 ne ya fi kai abu nesa idan an cire turjiyar iska kuma wurin tashi da na sauka suna daidai. Bayan haka ki kawo wani wasan ki ce su kamo inda ya karya dokar Newton. Yarinyar da ta iya kama ƙaryar gem ta fahimci dokar fiye da wadda ta haddace ta don jarrabawa. Don aikin aji na sosai kuwa, akwai manhajojin gwajin kimiyya irin su PhET na Jami'ar Colorado da ke Amurka, da Algodoo na ƙasar Suwidin, dukansu kyauta ne, kuma ana iya sauke su a yi aiki da su ba tare da intanet ba. Wataƙila ɗalibanki za su so jin cewa ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko a tarihi, Tennis for Two, wani masanin fiziks ne mai suna William Higinbotham ya haɗa shi a 1958, kuma abin da yake nunawa shi ne ƙwallo tana tashi tana faɗowa bisa ƙarfin jan ƙasa.

TAMBAYA: Ni direban tanka ne, na fi shekara ashirin ina bin hanyar Bauchi zuwa Gombe. Ɗana ya duƙufa a kan wani gem na tuƙin tirela, yanzu har yana cewa ya iya mota, in ba shi makulli. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa?
Daga wani direba, Alkaleri

AMSA: Alhaji, kada ka ba shi makulli, amma kuma kada ka raina abin da ya koya. Wasannin tuƙi na cikin waɗanda aka fi zuba ilimi a kansu, kuma mafi wahalar sashensu shi ne taya. Kai ka fi ni sanin cewa mota duk girmanta a kan ɗan wurin da roba ta taɓa kwalta take tsaye, wanda a ƙaramar mota bai fi tafin hannu ba a kowace taya. Yadda wannan roba ke kama hanya, da lokacin da take sakinta, ba ya bin lissafi mai sauƙi. Wani farfesa a Jami'ar Delft ta ƙasar Holan, Hans Pacejka, tare da abokan aikinsa, sun fitar da wani tsarin lissafi a shekarun 1980 wanda ya dace da abin da aka auna a tayoyi na gaske, kuma kamfanonin mota da masu yin gem duk sun amfana da shi. Akwai ma wasan da ake kira BeamNG.drive, na wani kamfani da ke Bremen a Jamus, wanda ya gina kowace mota da ɗimbin ɗigo-ɗigo masu nauyi da aka haɗa da sanduna masu lanƙwasa, yana lissafa su sau 2,000 a sakan, shi ya sa idan mota ta yi karo a cikinsa take lotsewa kamar ta gaske. Euro Truck Simulator 2, na kamfanin SCS Software da ke birnin Prague, wanda ya fito a 2012, bai kai haka zurfi ba, amma yana koyar da yadda bodin tirela ke yanke kwana da yadda ake baya da ita.

An ma taɓa samun waɗanda suka tashi daga gem suka zama direbobin tsere. Kamfanonin Nissan da Sony sun fara wata gasa mai suna GT Academy a 2008, kuma Jann Mardenborough na Birtaniya, wanda ya lashe ta a 2011, ya zo na uku a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans a 2013. Sai dai kafin a sake shi a kan hanya sai da ya sha horo mai tsanani a cikin mota ta gaske a hannun ƙwararru.

Abin da allo ba zai ba ɗanka ba shi ne abin da jikinka ya sani. Kai kana jin tanka a ƙugunka kafin idonka ya gani: idan ka taka birki da rabin lodi, man ya ruga gaba ya dawo ya ture ka, ko ka shiga kwana nauyin ya koma gefe guda. Lissafin ruwa mai motsi yana daga cikin mafi wuya a kimiyya, har Cibiyar Clay ta Amurka ta sa kyautar dala miliyan ɗaya a shekarar 2000 ga wanda ya warware wata tambaya ta asali a kan lissafin motsin ruwa na Navier da Stokes, saboda haka akasarin wasannin tuƙi suna ɗaukar lodi ne kamar dunƙulen dutse da ba ya motsi. Haka kuma hanyar cikin gem ba ta san garken shanun da zai ɓullo daga daji ba, ko hazon hunturu da asuba, ko ɗan acaɓan da zai yanko ba sigina. Mafi muhimmanci, a gem idan an yi haɗari maɓalli ake dannawa a sake farawa, wannan kuwa yana iya cire wa yaro tsoron da direba ke buƙata. Ka sa shi ya gwada abu ɗaya a cikin wasan nasa: ya taka birki a gudun 40, ya sake takawa a gudun 80, ya auna tazarar tsayawa. Zai ga ta ninka kusan sau huɗu, ba sau biyu ba. Daga nan ka kai shi makarantar koyon tuƙi idan shekarunsa sun kai, ya nemi lasisi ta hanyar da doka ta tsara.

TAMBAYA: Me ya sa wayata ke zafi tana sarƙewa idan gini ya rushe ko bam ya tashi a cikin gem?
Daga wani matashi, Jekadafari, Gombe

AMSA: Ƙanena, lissafi ne ya yi mata yawa. Abubuwa 100 idan za a gwada kowanne da kowanne don a ga ko sun yi karo, gwaji 4,950 ke nan. Idan suka zama 1,000, gwajin ya koma 499,500 a kowane taki. Injuna suna rage wannan ta hanyar fara ware waɗanda ke kusa da juna kawai, suna kuma sa duk abin da ya tsaya cik ya yi barci, wato a daina lissafa shi har sai an taɓa shi. Fashewa tana tashin masu barcin nan gaba ɗaya, ta kuma ƙara ɓaraguzai da hayaƙin da sai an zana su. Yawanci waya ba ta da fanka, don haka idan ta ɗau zafi sai ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace, kuma a zafin watan Afrilu na Gombe ba ta daɗewa kafin ta kai wannan matsayi. Ka rage ingancin hoto a saitin wasan, ka cire mata riga, kuma ka daina wasa tana kan caji.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. Burina in haɗa gem na dambe, da makaɗa da 'yan kallo cikin manyan riguna. Sai na rubuta injin fiziks nawa? Ta ina zan fara?
Daga wani ɗalibi, Yelwa, Bauchi

AMSA: Ɗana, wasiƙarka ta faranta mini rai, domin na daɗe ina jin takaicin yadda yaranmu suka san filayen Ingila da Sifaniya lungu-lungu ta cikin gem, amma babu inda za su danna maɓalli su ji kalangu. Ba sai ka rubuta naka injin ba, manyan kamfanoni ma da yawa ba sa yi. Havok, wanda aka kafa a birnin Dublin a 1998, shi ne ke ƙarƙashin Half-Life 2 na 2004 da wasu ɗaruruwan wasanni. Intel ya saye shi a 2007, Microsoft kuma ya karɓe shi a 2015. PhysX ya koma hannun Nvidia a 2008, aka kuma buɗe shi ga kowa a ƙarshen 2018, kuma shi Unity ke amfani da shi. Unreal Engine 5, wata manhajar haɗa wasanni irin Unity, yana da nasa mai suna Chaos. Bullet na Erwin Coumans kyauta ne, haka Box2D na Erin Catto, wanda shi ne ke ƙarƙashin Angry Birds. Ka lura cewa waɗannan biyun na ƙarshe kowanne mutum ɗaya ne ya faro shi. Idan kwamfutarka ba mai ƙarfi ba ce, ina ba ka shawarar Godot wajen haɗa wasan, domin kyauta ne, ba shi da nauyin saukewa, kuma ba ya neman kaso daga abin da ka samu.

Dambe ya dace da wannan aikin ta wata fuska da ba kowa zai lura ba. Hukuncinsa a bayyane yake: wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Wannan tambaya ce da injin fiziks ke amsawa cikin sauƙi, domin gano taɓawa shi ne ainihin aikinsa. Wahalar tana wurin faɗuwar kanta. Hanyar da aka saba ita ce a gina jikin ɗan wasa da guntaye goma sha wani abu, kai da ƙirji da ƙugu da damatsa da cinyoyi, a haɗa su da gaɓoɓi, a iyakance wa kowace gaɓa inda za ta iya lanƙwasa, don kada gwiwa ta karye ta baya. Idan naushi ya shiga sai a saki jikin ga injin ya zube. Masu sana'ar suna kamanta wannan da 'yar tsanar tsumma, kuma wasan Hitman na farko, wanda ya fito daga Denmark a shekarar 2000, yana cikin waɗanda suka fara yin sa da kyau, ta hanyar aikin Thomas Jakobsen.

To amma duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san ɗan dambe ba ya zubewa kamar buhun masara. Idan mashi ya same shi a muƙamuƙi yakan yi taga-taga, ya ja ƙafa baya, ya buɗe garkuwa yana neman daidaito, yana ƙin ƙasa da dukan ƙarfinsa domin ya san abin da taɓa ta ke nufi, kuma a wannan ɗan lokacin ne filin ke ɗaukar ihu. Idan wasanka bai kama wannan taga-tagar ba, bai kama dambe ba. Kamfanin NaturalMotion na Birtaniya ya yi wata manhaja mai suna Euphoria, wadda aka yi amfani da ita a Grand Theft Auto IV a 2008, inda aka sa wa gaɓoɓin wani abu mai kama da tsoka, jikin yana ƙoƙarin tsayawa da kare kansa maimakon ya saki. Kai ma za ka iya yin ƙaramin irinsa: ka sa kowace gaɓa ta riƙa jan kanta zuwa tsayuwar da aka tsara, ka rage ƙarfin jan gwargwadon nauyin naushin da ya shiga, ka kuma bar shi ya dawo a hankali. Ɗan damben da ya sha duka a turmi na farko sai ya shiga turmi na uku da gaɓoɓi masu rauni.

Babbar riga kuwa ka bar ta zuwa ƙarshe. Ana kwaikwayon yadi ne da ragar ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo an hana shi nisa da maƙwabcinsa fiye da ƙima, kuma riga mai faɗin hannu da ake naɗewa a kafaɗa tana ninkuwa a kan kanta, wanda shi ne mafi tsadar lissafi a wannan fanni. Ga 'yan kallo ka yi musu motsin da aka riga aka zana, ka keɓe yadi na gaske ga mutum ɗaya ko biyu da kyamara za ta matso kusa da su, kamar sarkin dambe ko mawaƙi.

Duk da na ce ba sai ka rubuta injinka ba, ina so ka rubuta ɗan ƙarami sau ɗaya don ka san abin da ke faruwa a ciki. A makon farko ka sa ƙwallo ɗaya ta faɗo ta yi tsalle a kan ƙasa, layukan umarni kaɗan ne. A mako na biyu ka ƙara mata gudu har sai ta ratsa ƙasar ta ɓace, sannan ka nemo maganin da kanka. A na uku ka jera akwatuna biyar a kan juna ka ga ko za su tsaya ba rawa. Za ka buƙaci darasin bekta da tirigonometiri da aka yi muku a shekarar farko, don haka ka nemo littattafanka. Idan ka kai nan, ka ɗauki wayarka ka je gidan dambe, ka nemi izinin 'yan wasa da shugabanninsu, ka ɗauki faɗuwa ashirin a bidiyo, ka zauna ka kalle su hoto bayan hoto kana ƙirga taki nawa ne tsakanin shigar naushi da taɓa ƙasa. Ka rubuto mini adadin da ka samu, da hoton akwatunan nan biyar idan sun tsaya.